Shekarar Da Darussa Suka Koma Goma A Ƙaramar Sakandare

A shekarar 2014 ina riƙe da muƙamin mataimakin shugaban makaranta mai kula da harkokin karatu a wata ƙaramar sakandaren gwamnati, kuma a wannan shekarar ce aka fara aiki da manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara 9 da aka yi wa kwaskwarima. Duk wanda ya san aikin makaranta ya san cewa mai wannan kujera shi ne ke zana jadawalin darussa, shi ke raba wa malamai azuzuwa, shi ke duba tsarin aikin zango da shirin darasin kowane malami, kuma a teburinsa ake harhaɗa sakamakon jarrabawa. Saboda haka duk abin da aka zartar a Abuja game da abin da za a koya wa yara, sai ya biyo ta hannunsa kafin ya isa allo.

Al'amarin ya samo tushe ne daga shirin ilimin bai-ɗaya da Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar a Sakkwato a 1999, wanda dokar 2004 ta tabbatar da shi, ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9 kyauta, wato shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, a matsayin tafiya guda da bai kamata ta yanke a hanya ba. Kafin nan muna kan tsarin 6-3-3-4 ne da aka soma a 1982, wato shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a, inda ƙaramar sakandare take manne da babba. Da aka mayar da ita ƙarshen ilimin tushe, sai aka ɗora wa hukumar NERDC, wadda ita ce ke tsara manhajar makarantu a ƙasar nan, aikin rubuta manhaja guda da za ta ɗauki yaro tun daga aji ɗaya na firamare har zuwa aji uku na ƙaramar sakandare. Wannan manhaja ta shiga makarantu a watan Satumba na 2008, kuma tun ba a je ko'ina ba aka fara kukan cewa ta yi wa yara nauyi, domin jerin darussanta ya kai 20. Bayan taron ƙoli kan ilimi da fadar shugaban ƙasa ta kira a 2010, da aikin kwamitin da Farfesa Pai Obanya ya jagoranta, aka umarci hukumar ta rage yawan darussan, ita kuwa Majalisar Ilimi ta Ƙasa, wadda ta ƙunshi ministan ilimi da kwamishinonin ilimi na jihohi, ta amince da abin da aka fitar.

Takardar umarnin da ta iso mana gajera ce. Ta ce daga sabuwar shekarar karatu 'yan aji ɗaya za su hau sabuwar manhaja, 'yan aji biyu da na uku kuma su ƙarasa a kan tsohuwa, kuma darussan ƙaramar sakandare ba za su wuce 10 ba. Bakwai daga ciki ba su canja kama sosai ba: Turanci, Lissafi, harshen gida guda ɗaya, Faransanci, Nazarin Kasuwanci, Al'adu da Fasahar Ƙirƙira, sai Larabci ga mai so. Sauran ukun ne aka yi musu haɗin gambiza. An tattara kimiyya da fasaha da kwamfuta da darasin motsa jiki da kiwon lafiya a ƙarƙashin suna ɗaya, Kimiyya da Fasaha. An haɗa darasin addini, na Musulunci ko na Kirista, da nazarin zamantakewa da ilimin zama ɗan ƙasa da wani sabon fanni na ilimin tsaro, aka kira su Addini da Ɗabi'un Ƙasa. Noma da tattalin gida su ma aka game su a matsayin darasin share fagen sana'a.

Mataki na farko shi ne taron bita, kuma an bi tsarin da aka saba, wato a horar da wasu 'yan kaɗan a matakin ƙasa, su horar da na jihohi, su kuma su horar da wakilan makarantu, wakilan su koma su sanar da abokan aikinsu. Ni da malamin kimiyya aka tura daga makarantarmu. Ba zan raina abin da muka samu a wurin ba, domin a nan ne malamai da dama suka fara riƙe ainihin kundin manhaja a hannunsu, bayan sun shekara da shekaru suna koyarwa daga littafin ɗalibi kawai. An nuna mana yadda aka tsaga kowane shafi gida-gida: maudu'i, da abin da ake so yaro ya iya bayan darasin, da ƙunshiyar darasi, da aikin malami, da aikin ɗalibi, da kayan koyarwa, da hanyar auna fahimta. An kuma nuna mana littattafan jagoran malami da aka shirya wa kowane darasi. Amma da aka buɗe fagen tambaya, tambayoyi biyu ne suka yi ta dawowa daga kusurwoyin ɗakin dabam-dabam. Malami ɗaya ne zai koyar da darasin da aka haɗa ko malamai huɗu? Kuma firiyod nawa za a ba shi a mako? Amsar da muka samu ita ce kowace makaranta ta duba halin da take ciki. Masu bitar ba rowar bayani suka yi mana ba, su ma iyakar abin da aka ba su ke nan, kuma duk matakin da saƙo ya sauko sai wani abu ya zube daga cikinsa.

A wannan shekarar an ɗage komawa makaranta saboda cutar Ebola da ta ɓulla a Legas a watan Yuli, don haka zangon farko ya zo a gajarce. Ni dai jinkirin ya ba ni sararin zama da jadawali, kuma a nan ne na gane girman aikin. Muna da firiyod 8 a rana, kowanne minti 40, wato gurbi 40 a mako ga kowane aji. Na shimfiɗa babban kwali a kan tebur, na ja layuka da fensir, na yanka ƙananan takardu masu ɗauke da sunan malami da darasinsa, ina ɗora su ina ɗagawa. Turanci da Lissafi kowanne yana cin gurbi biyar, wannan babu jayayya a kansa. Idan aka ɗauki Kimiyya da Fasaha a matsayin darasi guda aka ba shi kason darasi guda, to kimiyya za ta tashi da gurbi ɗaya ko biyu a mako, alhali a da tana da huɗu, kuma da na ɗauko kundin na ƙirga maudu'an da aka jera mata a zango, sai na ga ba su ragu daidai da yadda lokacin zai ragu ba. Idan kuwa aka bar wa kowane fanni gurabensa na da, to babu abin da ya sauya sai sunan da ke saman shafi. Ga kuma 'yan aji biyu da uku da ke kan tsohon tsari, waɗanda malamai ɗaya ne ke shiga musu, ta yadda da zarar na gyara gurbin malamin fasaha a aji ɗaya sai in tarar na jefa shi azuzuwa biyu a lokaci guda.

Sai da muka kai ruwa rana a taron malamai kafin a tsayar da magana. Malamin kimiyya ya ce shi bai taɓa karanta zanen fasaha ba, kuma ba zai tsaya gaban yara ya koyar da abin da bai sani ba. Malamin motsa jiki ya ji tsoron kada a ce ba a bukatarsa. Daga ƙarshe muka yanke cewa kowane malami ya ci gaba da fanninsa, a rubuta babban sunan a jadawali, a sa harafin fannin a gefensa, sannan a ɗan rage wa kowa gurbi domin a samar wa ilimin tsaro wuri. Daga baya na ji cewa yawancin makarantun da ke kusa da mu haka suka yi, domin babu wata mafitar. Sakamakon shi ne yaron aji ɗaya ya ci gaba da zuwa da littattafan rubutu goma sha wani abu a jakarsa, yana ganin malamai goma sha wani abu a mako, yana yi wa kowanne aikin gida, amma a takarda darussansa goma ne. Abin ya yi kama da a ɗaure kaya huɗu a ƙunshi ɗaya sannan a ce wa jaki an rage masa lodi.

Dalilin da ya sa haɗin bai iya wuce suna ba yana wurin horon malamai. Mafi ƙarancin shaidar koyarwa a ƙasar nan ita ce NCE, wato shaidar kammala kwalejin ilimi, kuma malaman da muke da su sun fito daga kwalejojin ilimi ne da fanni ɗaya ko biyu da suka ƙware a kai. Ba a taɓa horar da wani a kan dunƙulallen darasin da ya haɗa gwajin sinadarai da wasan tsere da sarrafa kwamfuta ba. Ilimin tsaro kuwa babu mai shi gaba ɗaya, sai muka ɗora wa malamar nazarin zamantakewa, ita kuma ta zauna ta karanta shi kamar ɗaliba kafin ta shiga aji da shi. Faransanci wajibi ne a manhajar tun daga aji huɗu na firamare, amma yaranmu sun zo ba su taɓa jin sa ba, mu ma kuma ba mu da malaminsa sai idan an dace da ɗan bautar ƙasa da ya karance shi, wanda bayan shekara zai tattara ya tafi. Darasin kwamfuta a allo ake zana shi da alli mafi yawan lokaci. Ya kamata a fahimci cewa ilimi yana cikin abubuwan da tarayya da jihohi ke tarayya a kansu a tsarin mulki: tarayya ce ke tsara manhaja, amma ɗaukar malaman ilimin tushe da biyansu aikin jihohi ne da ƙananan hukumomi. Dokar 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin tallafa wa ilimin tushe ta hannun UBEC, hukumar kula da ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, amma jiha ba ta karɓar babban kason gine-gine da kayan aiki sai ta ajiye nata daidai da shi. Wanda ya rubuta cewa a koyar da Faransanci dabam, wanda zai ɗauki malamin Faransanci dabam, kuma babu abin da ya tilasta musu tafiya da sauri ɗaya.

Inda na ga amfanin gyaran da idona shi ne wajen rubuta tsarin aikin zango, wanda malamai ke kira sikim. Aikin shi ne a ɗauki maudu'an shekara a raba su zango uku, kowane zango a raba shi mako-mako, a bar makon bita da na jarrabawa. A da kowane malami shi kaɗai yake yin nasa, ko ma ya kwafe na bara. Da yake yanzu fannoni huɗu suna ƙarƙashin suna ɗaya, na nemi malamansu su zauna a tebur ɗaya su rubuta tare, kuma a wannan zaman ne muka ga abin da ya daɗe yana faruwa ba mu lura ba. Illar shaye-shaye tana cikin kimiyya, tana cikin kiwon lafiya, tana cikin nazarin zamantakewa. Tsaftar muhalli tana wurin malamai uku. Abinci mai gina jiki yana wurin malamar tattalin gida, yana wurin malamin motsa jiki, yana wurin malamin kimiyya, kuma kowannensu yana ba yara ma'anarsa ta dabam su haddace. Haƙƙoƙin ɗan ƙasa da ayyukan gwamnati sun maimaitu tsakanin zamantakewa da ilimin zama ɗan ƙasa har ba a iya bambance su. Muka yi ittifaƙi cewa duk maudu'in da ya maimaitu malami ɗaya ne zai koyar da shi sosai, sauran su yi nuni da shi kawai, kuma muka jera makonnin ta yadda malamin noma zai yi bayanin ƙasa da iri a lokacin da malamin kimiyya ke kan tsirrai. Lokacin da muka tsira da shi ta wannan hanya ya fi duk wanda jadawali ya ba mu. A ganina wannan ne ainihin abin da masu gyaran suka nufa, sai dai ba a faɗa mana shi a fili ba, kuma makarantar da malamanta ba su yi irin wannan zama ba ba ta ga komai daga ciki ba.

Sai batun littattafai. Kwafin manhajar da jagoran malami da suka iso mana ba su kai yawan malamai ba, don haka muka riƙa ɗaukar hoton shafuka muna rabawa, littattafan ɗalibai kuwa sai da aka yi nisa a shekarar kafin mu ga na wasu darussan. A taron iyaye da malamai na farko na tashi na yi bayanin sauyin, na nanata cewa an rage darussa daga kusan 20 zuwa 10. Wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to in an rage, me ya sa jerin littattafan da kuka aiko mana bai ragu ba, kuma me ya sa na yayan ɗana na bara ba za su yi masa ba?" Tambayar tasa ta fi bayanina ƙarfi. Gaskiyar magana ita ce mafi yawan abin da ke cikin tsofaffin littattafan yana nan a sabuwar manhaja, jerin ne ya sauya, saboda haka muka sa kowane malami ya rubuta wa iyaye babin da ya dace da kowane mako a tsohon littafi, domin wanda ke da na gado ya ci gaba da amfani da shi. Wasu masu ɗab'i kuma sun buga darasin Addini da Ɗabi'un Ƙasa a littafi guda mai ɗauke da sashen addinan biyu, kuma wannan ya tayar wa iyaye hankali ƙwarai. Manhajar ba ta ce a koya wa yaro addinin da ba na iyayensa ba, kuma a wurinmu idan lokacin darasin ya yi aji rabuwa yake yi kowa ya bi malaminsa, amma uban da ya buɗe littafin ɗansa a gida abin da ya gani ya gani. Muka cire irin wannan littafi daga jerinmu.

Ƙarshen zango ya zo da wata matsalar da ba wanda ya ambace ta a taron bita. Katin sakamako yana da layi ɗaya ne ga kowane darasi, da maki 100, wanda a makarantarmu ake raba shi 40 na gwajin cikin zango da 60 na jarrabawa. Darasin da malamai huɗu ke koyarwa dole kowanne ya sami rubu'i, wato 10 na gwaji da 15 na jarrabawa, sannan a tara. Takardar maki ta riƙa yawo daga hannu zuwa hannu a ofishin malamai, idan mutum ɗaya bai gama duba takardunsa ba sakamakon aji duka ya tsaya. Amma abin da ya fi damuna shi ne abin da jimillar ke ɓoyewa. Na tuna wata yarinya da ta sami 22 a motsa jiki da kiwon lafiya, 20 a kwamfuta, 9 a fasaha, 6 a kimiyya. Jimilla 57, kuma a kati an rubuta ta ci Kimiyya da Fasaha. Iyayenta za su duba su yi murna, alhali a fannin da zai zame mata tushen Fiziks da Kimistiri da Bayoloji a babbar sakandare ba ta kama komai ba. Haka malamin addinin Musulunci ya zo ya same ni yana ƙorafin cewa yaro zai iya faɗuwa darasinsa warwas amma makin zamantakewa ya ɗauke shi. Shugaban makaranta ya amince muka riƙa rubuta makin kowane fanni da hannu a bayan katin. Aiki ne mai cin rai ga malaman aji, amma da shi ne muka iya gane wanda ke bukatar taimako da kuma a ina.

Masu sa ido sun zo a zango na biyu. Sun duba jadawalin da ke manne a bango, sun ƙirga darussa goma, sun buɗe sikim da littafin shirin darasi sun ga an rubuta sababbin sunaye, suka sa hannu cewa makaranta ta aiwatar da sabuwar manhaja. Na so a ce sun zauna a bayan aji sun saurari darasi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, ko sun sa yaro ya karanta musu sakin layi ɗaya daga littafinsa, domin a nan ne babbar damuwarmu take. Manhajar aji ɗaya an rubuta ta ne da zaton cewa yaron da ya gama firamare yana karatu da rubutu da Turanci ba tare da tangarɗa ba. Manufar ilimi ta ƙasa da ake aiki da ita a lokacin, tun bugunta na farko a 1977, ta tanadi cewa a fara koyar da yaro da harshen da ake yi a muhallinsa a shekarun farko na firamare, sannan a juya zuwa Turanci sannu a hankali. Da yawa daga cikin yaran da muke karɓa ba su sami ko ɗaya yadda ya kamata ba, ba su iya karanta harshensu ba, ba su iya karanta Turanci ba. Yaron da ke haɗa baƙi da wasali da ƙyar, ko darussa goma aka ba shi ko ashirin, kwafe allo kawai zai yi. Muka ware rabin sa'a kafin fara darussa domin koyar da karatu zalla ga waɗanda gwaji ya nuna suna bukata, malamin Hausa da na Turanci suna karɓa-karɓa. Wannan ba ya cikin takardar umarni, kuma babu gidan da za a rubuta shi a fom ɗin masu sa ido, amma cikin duk abin da muka yi a waɗannan shekaru shi ne wanda iyaye suka fi zuwa su yi mana godiya a kansa.

A shekarar karatu ta 2016/2017 ne duk azuzuwan uku suka hau manhaja ɗaya, na huta da riƙe jadawali biyu da katin sakamako iri biyu. Yaran da suka fara da ita a 2014 suka rubuta jarrabawar kammala ilimin tushe a 2017. Ba mu gama numfasawa ba sai taƙaddama a kan darasin addini ta kai matakin ƙasa, ƙungiyar Kiristoci ta CAN ta fito fili ta yi ƙorafi a kan haɗin, kuma a watan Yuli na 2017, lokacin Malam Adamu Adamu yana ministan ilimi, aka yanke cewa darussan addinin biyu su koma masu zaman kansu. A 2018 kuma aka ƙaddamar da manhajar Tarihi, wanda aka daɗe da narkar da shi a cikin nazarin zamantakewa, aka dawo da shi darasi mai cin gashin kansa. Duka matakan biyu na goyi bayansu, musamman na Tarihi, amma kowannensu yana nufin sabon gurbi a cikin guraben nan 40 da ba sa ƙaruwa, da sabon layi a kati, da neman malamin da zai ɗauka. Ba a faɗi abin da za a cire domin a samar musu wuri ba, don haka aka sake gutsurar na wasu.

A 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da wata sabuwar manhajar, kuma dalilin da aka bayar shi ne dai rage wa yara nauyi. A wannan karon ƙaramar sakandare za ta ɗauki darussa 12 zuwa 14, an kuma kira hakan ragi, wanda ke nuna cewa a sama ma an san goman da muka yi ta rubutawa ba ita ce adadin da yara ke ɗauka ba. An warware ƙunshin Kimiyya da Fasaha, motsa jiki da fasahar kwamfuta kowanne ya tsaya da ƙafarsa, an haɗa zamantakewa da ilimin zama ɗan ƙasa wuri guda, wanda shi ne haɗin da malamanmu suka riga suka yi a aikace tun zaman sikim na farko, Faransanci kuma ya koma na zaɓi. Wannan lissafin ya fi kusa da abin da ke faruwa a aji. Sabon abin da ya shigo shi ne sana'a guda da kowane ɗalibi zai zaɓa daga cikin shida: harhaɗa lantarki mai aiki da hasken rana, ɗinki, kiwo, kwalliya, gyaran kwamfuta da wayar hannu, da noman lambu da amfanin gona. Da muka tambayi yaranmu, yawancinsu gyaran waya da lantarkin hasken rana suka nuna. Malaman da muke da su a ƙasa kuwa na noma ne da ta tattalin gida, saboda haka da kiwo da ɗinki muka buɗe zangon, muka rubuta takardar neman malaman sauran muka aika.